Anko Daga Holan

Shekarar da aka fara farfasa titunan Madina ana binne wayar tarho, a shekarar ne bakin Hajiya Ƙaltume ya jawo mata abin da ya fi ƙarfinta. Ba wai mace ce mai surutu ba, a'a. Sai dai in ta faɗi magana a gaban mata, to ko wuƙa za a ɗora mata a wuya ba ta janyewa. Duk layinsu a unguwar Harra ta Yamma an san ta da wannan hali.

Ɗanta na fari, Sharfuddeen, yana aiki a sharika, wato kamfanin da ke binne wayoyin. Haifaffen Madina ne, Hausa kuwa yana jin ta tsaf, amma in ka yi masa ita da Larabci zai mayar maka. In ya ce zai gwada, sai ka tausaya wa harshen. To shi aka saka cikin waɗanda za a tura ƙasar Holan koyon aiki na 'yan watanni. Da ya zo da labarin yana ta bayanin injuna da takardar shaida, uwar tana gyaɗa kai, amma hankalinta tuni ya yi wani wajen.

Holan fa! Ƙasar atamfa! Ga shi an sa bikin ƙanwarsa Shafa'atu a watan Rabi'ul Awwal, daidai lokacin da zai dawo. Ita a ganinta wannan ba sai an kai wa malami ya duba ba, Allah ne ya haɗa.

Lokacin alhazai sun sauko daga Makka sun zo ziyara, gari ya cika. Akwai wata 'yar kasuwa daga Kano, Asama'u, wadda kowace shekara take zuwa da atamfa 'yar Holan ta baje a tsakar gidan Halimatu, maƙwabciyar Ƙaltume. Rannan matan layin sun kewaye kayan, suna ta ɗagawa suna shawarar wadda za a fitar anko a bikin Shafa'atu, sai ga uwar amarya ta shigo tana cire abaya.

"Ku ajiye, ku ajiye," ta ce. "Ankon bikin nan daga tushe zai zo. Yaron nan zai tafi Holan ɗin da kanta. Kowaccenku turminta na wuyana."

Tsakar gida ta ɗauki guɗa. Asama'u dai ba ta yi ba. Ta ce, "Hajiya, na daɗe a sana'ar nan, amma ban taɓa jin wanda ya je can ya sayo ba. Ku dai ɗauki wannan ku ajiye, ko don gudun bacin rana."

"Ina za ki ji, tunda ba ki da ɗa a can? Mai son dabino na ƙwarai gonakin Awali yake zuwa, ba ya tsayawa wajen masu tire a bakin Harami."

Asama'u ta ninke kayanta ta tafi. Cikin 'yan kwanaki matan wata unguwa suka kwashe su, ita kuma ta bi jirgin alhazai ta koma gida.

Sai da Ƙaltume ta zauna ita kaɗai sannan wata tambaya ta zo mata: shin a ina kasuwa take a garin Turawa? Sai ta aika a kira Jumare direba, wanda ya taɓa raka maigidansa Landan aikin ido, tun daga nan ya zama malamin Turai na unguwar. Gaskiyar magana, rabin zaman da ya yi can a kan bencin asibiti ya yi shi, amma wa zai ƙaryata shi?

"Turai duk ɗaya ce, Hajiya," in ji Jumare daga bakin ƙofa. "Kasuwarsu a cikin gida take, bene kan bene. Matakala ce ma ke tafiya da mutum."

"Rumfuna fa?"

"Babu."

"Dillalai?"

"Ni dai ban gani ba."

"To wa ke gaya wa baƙo farashi?"

"A jikin kayan yake a rubuce."

Ta dube shi ta bayan labule, ta tabbata mutumin nan ko hanyar kasuwar bai bi ba. Garin da ba dillali ai ba gari ba ne. Ta sallame shi da godiya, ta kira ɗanta ta ba shi nata karatun, wanda ta san bai taɓa ba ta kunya ba daga Gumel har Madina.

Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "Kai," ta ce, "buɗe kunnenka. In ka sauka, nemi babban wurin ibadarsu. Duk garin duniya kasuwa a gindinsa take, dubi Harami. Kada ka saya a bakin kasuwa, na baƙi ne, ka kutsa ciki sosai. In an faɗi kuɗi ka raba biyu. In ya ƙi, ka juya kamar za ka tafi, zai kira ka. Kuma ka lura da abin da matan manyan garin suke ɗaurawa, irinsa nake so." Ta yanko ƙyalle daga bakin wani tsohon zaninta ta cusa masa a aljihu, don kada a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Ya amsa da Larabci, "Ɗayyib, ya Ummi," wato to, Mama. Haka ya tafi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne, a duk layin, gidan Halimatu kaɗai ke da tarho, don mijinta na da shago a titin Sultana. Halimatu kuwa, Allah Ya ba ta kunne, Ya ƙara mata da baki. Duk ranar da Sharfuddeen ya bugo, kafin Ƙaltume ta tsallako titi falon ya cika da mata, kowacce ta zo aron abin da ba ta buƙata.

A bugun farko muryarsa na zuwa tana ɗaukewa, kamar daga cikin rijiya. Da Larabcinsa ya ce ya je babban cocin da ke tsakiyar gari kamar yadda ta ce. Fili ne kawai, sai tattabaru. Da ya tambayi kasuwa, aka nuna masa wata a kan jiragen ruwa a bakin wani kogi, ya bi ta daga farko har ƙarshe, ba komai sai furanni.

Ta rage murya. "Na miya?"

"La, ya Ummi. Na kallo."

Kasuwa guda, sukutum, ta abin kallo? Mutane su bar gidajensu cikin sanyi su je su ba da kuɗi a kan ciyawa? Kanta ya ɗaure tamau. Ta ɗago ido ta ga matan sun zuba mata na mujiya, sai ta saki fuska ta ce da ƙarfi, "Masha Allah! Kasuwa har a kan ruwa!" Matan suka hau salati suna jinjina arzikin Holan.

Ta koma gida tana ta juya maganar. Ƙarshe ta yanke cewa laifin yaron ne. Yaran da aka haifa a ƙasar nan ba su iya kasuwa ba, komai sai dai su miƙa riyal a miƙo musu.

Bugu na biyu ya fi na farko muni. Ya ce ya sami kasuwa ta gaske wannan karon, doguwa, titi guda rumfa na bin rumfa. Zuciyarta ta yi sanyi, ta ce a ranta ai ga shi nan, Jumare maƙaryaci. Ya ce akwai ɗanyen kifi da suke haɗiya a tsaye, akwai cuku manya-manya kamar tayar mota, akwai tsofaffin takalma da rigunan sanyi. Ya kutsa ciki sosai har ya sami mai yadi, amma duk na labule ne da na ulu. Sai ya fito da ƙyallen nan ya nuna masa.

"Yauwa. Sai ya ce me?"

"Ya juya shi, ya shafa, ya kira matarsa ita ma ta gani. Suka ce kyakkyawa ne ƙwarai. Suka tambaye ni daga wace ƙasa na zo da shi."

Ƙaltume ta cire kan tarhon daga kunne ta dube shi, ta mayar. "Daga wace ƙasa? Kai, anya Holan aka kai ku? Ka tambaya da kyau?"

"Wallahi Holan ce, ya Ummi."

"Matan garin fa, me suke ɗaurawa?"

"Ba sa ɗaura komai. Wando suke sawa, da kwat mai ruwan toka."

"Innalillahi," ta faɗa, kafin ta tuna inda take. Halimatu ta matso. "Lafiya, Yaya?" Ƙaltume ta toshe bakin tarhon da tafin hannu ta ce, "Kala ce ta yi masa yawa, ya rasa wadda zai zaɓa."

Shi kuwa yana can yana ci gaba. Ya shiga babban kantin mai matakala mai tafiya, ashe Jumare bai yi ƙarya ba. Ya ga wani mayafi ya ce bari ya gwada karatun uwarsa a kai, ya raba kuɗin biyu. Yarinyar kantin ta yi murmushi ta nuna masa takardar da ke jiki. Ya juya kamar zai tafi, yana tafe yana jan ƙafa, har ya kai titi ba wanda ya kira shi. Da ya koma, sun rufe, ƙarfe shida ta yi. Washegari Lahadi ya fito da sassafe, gari tsit, kowane shago a garƙame kamar an yi rasuwa.

Kwanakin da suka biyo baya Ƙaltume ta zuba gishiri a shayi, ta je gidan burodi ta dawo ba burodin. Abin da ke damunta ba wai rashin samun ba ne kaɗai, rashin fahimtar ne. A bakin kowane turmi an rubuta Holan, ta sa an karanta mata ba sau ɗaya ba. To ko ɓoye wa baƙi suke yi? Ko akwai Holan biyu ne, babba da ƙarama, aka kai yaron ƙaramar? Ta tambayi Jumare, ya ce zai iya yiwuwa. Mata kuwa sun fara kama layi wajen tela, kowacce na gaya masa kada ya karɓi wani ɗinki a satin biki.

Bugu na ƙarshe ya zo ana saura kaɗan ya dawo. Wani abokin aikinsa Bature ya gane ƙyallen, ya gaya masa garin da masaƙar take. Ya hau jirgin ƙasa ya je. Ya ga ginin da idonsa, ga hayaƙi na tashi, ga ruwan rini yana wari. Wani ma'aikaci ya fito ya saurare shi cikin mutunci, ya ce ƙwarai, nan ake yin ta, tun kakanninsu. Amma ba sa sayarwa a nan, don ba mai saye. Duk abin da aka buga jirgin ruwa ake lodawa ya tafi Afirka.

"Ya ce in ina so da gaske, in je Lome, ko Kano."

Kano. Inda Asama'u take zaune yanzu haka tana shan furarta. Wato mutane su kwana su tashi suna yin abu shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa sha'awar ɗaura shi a cikinsu? Wannan wace irin rayuwa ce?

"Ya Ummi? Kina ji? In gaya wa Khala Halimatu da kaina?"

"A'a!" Ta gyara murya. "Madalla. Allah Ya yi albarka. Ka ɗaure kayan da kyau." Ta ajiye tarhon ta ce wa matan, "An gama."

Washegari ta ja abaya ta bazama. Ta bi shagunan Sultana ɗaya bayan ɗaya, ta shiga lungunan kasuwar da ke gefen Harami. Yadin Japan mai santsi, na Indiya mai ƙyalli, ga su nan birjik. Atamfa kuwa ta tafi da alhazai, sai wata shekara. Wani ɗan ƙasar Yaman ya fito mata da wata mai ɗan kama, ta murza gefenta da yawu, rinin ya bi yatsanta. Ta dawo gida ƙafa a kumbure. Ruwa dai ya ƙare wa ɗan kada.

Sharfuddeen ya sauka ranar wata Laraba da hantsi, ya rame, ya yi haske. Ya buɗe jakarsa a tsakar ɗaki: cuku ja mulmulalle, lema, agogon bango, takalmin katako ƙanana na ado. Uwar ta dubi lemar, ta dubi sararin Madina ta taga. Halimatu ta riga ta aiko cewa matan za su shigo bayan la'asar ganin kaya.

Da aka yi azahar layin ya yi shiru, sai Ƙaltume ta ce masa, "Kai, zo ka jawo mini abin da ke ƙarƙashin gado."

Akwatin ƙarfe ne kore, mai nauyi, sai da ya yi nishi. Bai taɓa ganin cikinsa ba. Ta kwance makulli daga bakin zaninta ta buɗe, ƙanshin kafur da turaren wuta ya cika ɗakin. Atamfa ce 'yar Holan, turmi kan turmi, ko almakashi bai taɓa su ba. Tun tana amarya ta baro Gumel, ita da marigayi mijinta, a ƙafa da bayan babbar mota, ta hanyar Sudan, da niyyar su yi hajji su juya. Hajjin ne bai ƙare ba har yau. Duk shekarar da ta sami sarari takan sayi turmi ɗaya wajen alhazai ta ajiye, tsarabar ranar komawa, don ba a shiga gida hannu rabbana bayan an daɗe haka.

Ta fara ɗagowa tana miƙa masa. "Sa a jakarka. Wannan ta Yaya Mariama ce. Wannan ta autarmu, na baro ta ko yaye ta ba a yi ba. Wannan ta Inna." Ta ɗan tsaya a kan ta Inna. Labarin rasuwarta ya iso tun Shafa'atu na rarrafe, amma ba ta taɓa cire turmin daga lissafi ba. Ta shafa shi ta miƙa.

"Ya Ummi, lesh? Don me? Ki gaya musu gaskiya mana. Ai ba laifinki ba ne."

"Na ce turmin kowacce na wuyana. Ban ce in an samu ba. Juyo da takardar jirgin da ke jikin jakar ta fuskanci ƙofa, su gani."

Bayan la'asar matan suka cika ɗakin, har da waɗanda ba a gayyata ba. Ƙaltume ta zuge jakar da hannunta. Aka yi guɗa, sannan guɗar ta ɗan lafa, don kowa ta ga abin da ke akwai. Wannan shuɗiya, waccan ruwan goro, wata mai tsuntsaye, wata mai ganye. Babu biyu iri ɗaya.

"Yaya," in ji Halimatu, "anko kuma kowa da kalarsa?"

"Haka ake yayi a can yanzu. Iri ɗaya ya zama na ƙauye."

Halimatu ta ɗauki mai tsuntsayen ta warware. Ta daɗe tana kallo. "Ikon Allah. Rabona da ganin wannan zanen tun ina goyon Rakiya, ga ta yanzu da 'ya'ya uku." Ta kai atamfar hancinta ta shaƙa. Ƙaltume ta san an gama da ita, gobe war haka labarin ya kai Awali.

Halimatu ta ɗago ta dube ta. Sannan idonta ya sauka a kan sawun da akwatin ya bari a ƙasa, daga ƙarƙashin gado zuwa bayan ƙofa. Ita ma daga Damagaram aka zo da ita tana yarinya, ita ma akwai abin da ke ƙarƙashin nata gadon.

"Ƙwarai kuwa," ta ce a hankali. "Na ji an ce tsohon zane ya dawo yayi. Ni wannan na ɗauka." Ta juya kan sauran da tsawa. "To ku tsaya kallona! In ba ku so ku bar mini."

Nan take aka hau wawaso. Ana dariya, ana gwadawa a kafaɗa, ana sa wa Sharfuddeen albarka, shi kuwa yana tsaye a bakin ƙofa ya rasa inda zai sa idonsa. Wata tsohuwa ta ce masa lallai ya iya kasuwa, uwarsa ya gado. Kafin kiran magariba jakar ta koma wayam. Ta Inna wata amaryar layin ce ta tafi da ita, yarinyar da ko sunan Gumel ba ta taɓa ji ba. Uwar amarya kanta ba ta tsira da ko ɗaya ba.

Da suka watse, Ƙaltume ta zauna a bakin gado. Ta cika alkawari, ba wadda za ta nuna ta da baki, amma ko kaɗan ba ta ji daɗin hakan ba. Kuka take son yi, kuma ba ta san wa za ta ce ya mutu ba.

Shafa'atu ta shigo tana tattara kofunan shayi. Ta hangi akwatin a bayan ƙofa, murfinsa a buɗe, ta leƙa ciki. Da Larabcinta mai daɗi ta ce, "Ya Ummi, wannan babba ne, kuma ba komai a ciki. In tafi da shi gidana in zuba barguna? Ko kina da tafiya?"

Ƙaltume ta dubi akwatin. Ta kwance makullin daga bakin zaninta, ta miƙa wa 'yarta.

"Ɗauki," ta ce. "Ba inda za ni."